Mabiya dubu goma sha ɗaya, masu saye bakwai: wai ina na kuskure?

Alƙalamin_Dare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina leƙen wannan zaure ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekara biyu da wata uku ke nan ina rubutu a intanet, kusan kullum. Wani lokacin a kan aiki, wani lokacin tarbiyyar yara, wani lokacin abin da na karanta ko abin da ke faruwa a duniya. Mabiyana sun haura dubu goma sha ɗaya. Watan jiya na tattaro rubuce-rubucena guda talatin da na fi so, na gyara su, na mayar da su ɗan littafin da ake saukewa a waya, na sa masa kuɗi kaɗan. Sanarwar ta samu layik fiye da ɗari shida, addu'a kuwa ba a magana. Mutum bakwai suka saya. Biyu ƙannena ne, ɗaya matata ce, ita ma ni na tura mata kuɗin. Don Allah ku gaya mini gaskiya, akwai mai ci da rubutu kuwa, ko duk masu cewa suna ci da shi darasin "yadda ake samun kuɗi da rubutu" suke sayarwa? In kuma akwai, ina na kuskure?

Ummu_Hanan: Wa alaikumus salam. Malam ka yi haƙuri, wallahi sai da na yi dariya a wajen matarka. Bakwai ma ai ka yi ƙoƙari, ni nawa na farko mutum uku ne, ɗaya kuma ya dawo ya ce a mayar masa da kuɗinsa wai bai san rubutu ne zalla ba.

Tsohon_Hannu: Ɗan'uwa, abin da kake da shi taron tsintsiya ne ba shara, kuma ba laifinka ba ne kai kaɗai. Na fara rubutu a Blogger, dandalin buɗe shafin rubutu, tun kafin wasunku su mallaki waya, na ga wannan abu ya maimaita kansa ba sau ɗaya ba. Tun a 2006 wani masanin yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, Jakob Nielsen, ya rubuta cewa a yawancin tarukan intanet kashi 90 cikin ɗari kallo kawai suke yi, kashi 9 su tanka jefi-jefi, kashi 1 ne ke yin kusan duk motsin. Wannan fa maganar tankawa ce kyauta, ba a zo wajen zaro kuɗi ba.

Na biyu, dubu goma sha ɗayan nan ba su ga sanarwarka ba. Mai dandali ne ke zaɓar wanda zai nuna wa. A watan Janairun 2018 Mark Zuckerberg ya fito fili ya ce Facebook zai rage nuna abubuwan da shafuka da kafafen labarai ke wallafawa, ya fifita na dangi da abokai. Akwai kafafen da suka gina komai nasu a kan wancan dandali, cikin ɗan lokaci masu shigo musu suka zube. Ba su canza rubutu ba, mai gida ne ya canza tsarin gidansa. Kai ɗan haya ne a can, ni ma haka. Abin da ya zama naka shi ne mutumin da ya ba ka adireshin imel ɗinsa da hannunsa ya ce ka riƙa aiko mini. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Alƙalamin_Dare: @Tsohon_Hannu na gode Baba. To amma imel wa yake buɗewa yanzu? Ni kaina akwai saƙo sama da dubu huɗu da ban buɗe ba.

Tsohon_Hannu: A cikin dubu huɗun nan, akwai guda biyu ko uku da kake buɗewa da zarar ka ga sunan mai aikowa, ko ba haka ba? Aikin shi ne ka zama ɗaya daga cikinsu.

Lissafi_Dalla: Bari in sa lambobi a maganar, don mu marubuta da mun ga lissafi sai mu sauya hanya. A 2008 Kevin Kelly, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara mujallar Wired, ya kawo ra'ayin nan na masoya dubu na haƙiƙa: in kana da mutum 1,000 da kowannensu zai kashe dala 100 a kanka a shekara, ka haɗa dala 100,000. A takarda abin gwanin daɗi. Mu sauko ƙasa. Substack, dandalin da marubuci ke aika rubutu ta imel masu karatu su biya shi, wanda aka kafa a 2017, yana cire kashi 10 cikin ɗari na duk abin da masu karatu suka biya, kuma mafi ƙarancin kuɗin wata da za ka iya sawa dala 5 ne. Kamfanin Stripe da ke karɓar kuɗin shi ma yana cire kusan kashi 3 da ƙarin santi 30 a kowane biya. Ka ce kana da masu biya 200: dala 1,000 ke nan a wata, bayan yanke-yanke a bar ka da ɗari takwas da 'yan kai. Kuma duk wata sai wasu sun fice, katin wani ya ƙare, wani ya gaji. Kenan kafin ka ƙaru sai ka fara cike gurbin waɗanda suka tafi. Ana samu, amma sana'a ce mai littafin shiga da fita, ba ruwan sama ba ce.

Binta_Mai_Gyara: @Lissafi_Dalla ƙarin bayani kaɗan, Stripe ba ya aiki a kowace ƙasa, don haka mutum ya fara dubawa kafin ya shekara yana tara jama'a a inda ba zai iya karɓar kuɗinsu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Gaskiya_Ɗaci: Ku daina yaudarar bawan Allah. Masoya dubu, masoya dubu, shekara nawa ana wannan waƙar? Ku je ku duba manyan masu samun kuɗi a irin waɗannan dandali, da yawansu 'yan jarida ne da suka yi suna a manyan jaridu kafin su fito, da jama'arsu suka taho. Wanda ya yi nasara shi ake gayyata ya ba da labari, dubban da suka yi daidai abin da ya yi suka tashi a tutar babu, ba mai kiran su hira. Malam Alƙalami, amsar tambayarka ta farko: e, mafi yawan masu ihun suna ci da rubutu, kai suke ci.

Ummu_Hanan: Kai Malam Gaskiya, ko maganin ɗaci ai akan sa masa ɗan zaƙi.

Zee_Alƙaluma: Ni ban yarda da Malam Gaskiya gaba ɗaya ba, amma ban yarda da cewa kuɗin yana aljihun masu karatu ba. Ni dai ga yadda tawa ta kasance. Aikina lissafin kuɗi ne, kuma abu ɗaya tak nake rubutu a kai: yadda mai ƙaramar sana'a zai raba kuɗin sana'a da na aljihunsa, ya rubuta bashi, ya gane ko riba yake ci ko uwar kuɗi. Sau ɗaya a mako. Mabiyana ba su kai dubu ba har yau, kuma rubutun da ya samu layik ashirin to ranar na yi kasuwa.

Wani dare wajen ƙarfe sha ɗaya, ina wanke kwanuka, wayar tana kan taga, saƙo ya shigo daga wata mata da ban taɓa ganin sunanta ba. Ba ta taɓa danna mini layik ba, ba ta taɓa tsokaci ba. Ta ce wata goma sha huɗu tana karanta ni, har ta kwafe wani jadawali da na zana ta manna a bangon shagonta, ta turo mini hotonsa, gefensa duk ya naɗe, an yi ta gyara lambobi da jan biro. Ta ce ƙungiyarsu na neman wanda zai koyar da mambobi, nawa zan karɓa? Hannuna da kumfa na tsaya ina kallon allon. Daga wannan aikin aka samu na biyu, daga na biyu wata ƙungiya ta ɗauke ni rubuta musu littafin horaswa. Yau fiye da rabin abin da nake samu ta wannan hanya yake zuwa, kuma ban taɓa sayar wa mai karatu rubutu ko shafi ɗaya ba. Rubutun shaida ce kawai cewa na san aikin.

Shi ya sa da na karanta bayaninka, Malam Alƙalami, inda na tsaya shi ne "wani lokacin aiki, wani lokacin tarbiyya, wani lokacin duniya". In wani ya ce wa abokinsa "bi wannan mutumin", da wace jimla zai ƙarasa? Yana rubutu a kan me?

Sha'irin_Zamani: A nan ne kullum nake rabuwa da ku. Wato sai mutum ya mayar da kansa kanti mai sayar da kaya iri ɗaya kafin a saurare shi? Marubuci mutum ne, yau yana cikin farin ciki gobe yana tunanin mutuwa. Ni waɗanda nake bi, muryarsu nake bi. Ko a kan tsintsiya suka yi rubutu zan karanta.

Zee_Alƙaluma: @Sha'irin_Zamani gaskiya ne Malam, amma ka tuna ranar da ka fara bin su. Da wuya in ba wani abu takamaimai ne ya kai ka ba, daga baya ka saba da muryar. Kuma shi bai tambaye mu yadda zai ji daɗin rubutu ba, cewa ya yi mutum bakwai suka saya.

Sha'irin_Zamani: Huɗu. A cire 'yan gida.

Damina_Uwar_Albarka: SAMU KUƊI DA WAYARKA CIKIN KWANA 21!!! Na koyar da ɗaruruwan marubuta sirrin da manya ba sa so ku sani. Gurbi goma kacal ya rage. Yi mini magana ta akwatin saƙo.

Gaskiya_Ɗaci: Alhamdu lillahi, ga shaidata ta kawo kanta da ƙafarta.

Admin_Sadiya: An cire shi. Tunatarwa: talla ranar Asabar ce kawai, a zaren da aka ware. A ci gaba.

Ɗan_Kimiyya: Tunda Malam Gaskiya ya ce sai wanda ya zo da suna, ga misali ɗaya da ya saɓa. Andy Weir a lokacin mai rubuta manhajar kwamfuta ne a Amurka, ya riƙa sa labarinsa The Martian babi-babi a shafinsa kyauta. Masu karatunsa, da yawansu masana kimiyya da injiniyoyi, suna gyara masa kurakuran lissafi yana komawa yana gyarawa. Su ne suka roƙe shi ya sa a Kindle, na'urar karanta littattafai ta kamfanin Amazon, don sauƙin karatu, ya sa a kan santi 99, mafi ƙarancin da Amazon ya yarda. Kamfanin buga littattafai ya fitar da shi a 2014, fim ya biyo baya a 2015. Abin lura a wajena, bai tambaye su kuɗi ba sai da su suka nemi abin.

Gaskiya_Ɗaci: Ka kawo mutum ɗaya. Ni ma na san wanda ya faɗo daga bene bai karye ba, sai mu fara tsalle? Kuma ka bar wani ɓangare: shekaru ya yi yana rubuce-rubuce a shafin nan kafin wannan labari, yana kuma riƙe da aikinsa na albashi.

Ɗan_Kimiyya: To ai wannan ɓangaren da ka ƙara ya fi goyon bayana fiye da kai.

Hauwa_Kulu_M: Ni tsorona daban ne. Shekara huɗu ina tara jama'a a wani dandali, ba zan kama suna ba. Wata safiya na tashi na tarar an kulle shafin, wai na karya wata ƙa'ida, ba a faɗi wacce ba. Na cike fom ɗin ƙorafi sau shida, amsa iri ɗaya ke dawowa, da gani na'ura ce. Rubutu fiye da ɗari uku, yawancinsu kai tsaye na buga su a can, ba ni da kwafi. Na yi kuka kamar an yi mini rasuwa, mijina ya rasa ta inda zai fara ba ni haƙuri. Yanzu ko gaisuwa zan wallafa sai na fara rubuta ta a wani wuri na adana. Baba Tsohon Hannu ya yi gaskiya.

Tsohon_Hannu: Allah ya mayar da alheri, 'yata. Kuma ba sai an kulle mutum ba, dandalin kansa yakan mutu. An rufe Google+, dandalin sada zumunta na Google, a 2019. Twitter ya sayi Revue, manhajar aika wasiƙu ga masu karatu, a farkon 2021, ya rufe ta a Janairun 2023. Waɗanda suka sauke jerin adiresoshin masu karatunsu suka koma wani wuri suka ci gaba kamar ba a yi ba. Wannan shi ne bambancin: jerin imel ana ɗaukarsa a tafi da shi, mabiya kuwa ba sa bin ka ƙaura.

Bashir_Fassara: Tunda an zo maganar asara, ni sata ce ta dame ni. Na kwana uku ina wani rubutu a kan yadda ake neman aiki bayan an daɗe a zaune. Bayan mako biyu yayana ya turo mini shi a WhatsApp, an cire sunana, an sa "an ciro" a ƙasa, ya ce in karanta in ga yadda masu ilimi ke rubutu, ko zan koyi wani abu.

Ummu_Hanan: Innalillahi, yau kam cikina ya ƙulle. Ka gaya masa kuwa?

Bashir_Fassara: Na gaya masa, ya ce in ji tsoron Allah.

Binta_Mai_Gyara: Dabarar da nake yi, ina saka kaina a tsakiyar rubutun, ba a ƙasa ba. "Kamar yadda na faɗa muku makon jiya a kan kaza." Ɓarawo malalaci ne, ƙarshe kawai yake yankewa. Amma gaskiya yanzu ba ɓarawon mutum ne ya fi damuna ba. Tun da ChatGPT, manhajar nan da ke rubutu in an umarce ta, ya fito a ƙarshen 2022, duk rubutun da ya zama bayani ne zalla, irin "hanyoyi biyar na yin kaza", kowa na iya samar da shi cikin daƙiƙa goma. Google ma tun 2024 ya fara ɗora amsa a saman shafin bincike, mutum ya karanta ya wuce bai shiga shafinka ba. Masu dogaro da AdSense, wato tallan da Google ke sawa a shafinka ya biya ka, su suka fi ji a jikinsu, dama sai ka tara dala 100 kafin a biya ka. Abin da na'ura ba ta da shi shi ne jadawalin Malama Zee da ke manne a bangon shago, da yayan Malam Bashir.

Lissafi_Dalla: Mu koma kan mai tambaya, mun bar shi a tsaye. Malam Alƙalami, kafin ka haɗa littafin, ka tambayi wani ko yana so? Kuma abin da ke ciki, ba shi ne dai abin da suka riga suka karanta kyauta ba?

Alƙalamin_Dare: Ban tambayi kowa ba. Kuma e, shi ne, sai dai na gyara.

Lissafi_Dalla: To ka ga. Ka sayar musu da abin da ke aljihunsu.

Ɗan_Kimiyya: Ba lallai wannan ne matsalar ba, misalin da na kawo ai kyauta yake a shafinsa kuma aka saya. Mutane na biyan kuɗin sauƙi da tsari, wani lokacin ma don godiya kawai.

Maman_Biyu: Ni mai karatu ce ba marubuciya ba, bari in faɗi nawa. Ina bin mutane da yawa, amma waɗanda na taɓa biya ba su wuce uku ba, kuma dukkansu sun taɓa amsa mini magana. Ɗaya na yi mata tambaya a kan yarona da ba ya son karatu, ta zauna ta rubuto mini amsa mai tsawo, ba ta san ni ba. Da ta fitar da littafi ban ko duba kuɗin ba. Masu rubutu kullum kuwa, ku yi haƙuri, gajiya nake yi. In na ga mutum safe da yamma sai in fara wuce shi kamar allon talla.

Tsohon_Hannu: A nan zan ɗan saɓa wa Maman Biyu. Rubutun kullum yana da amfani a shekarar farko, ba don masu karatu ba, don hannu ya faɗa. Wanda bai rubuta shirme ɗari ba, mai kyau ɗaya ba zai fito ba. Bayan nan ne ya kamata a rage yawa a ƙara nauyi. Shi ya wuce wannan matakin, bai dai lura ba.

Sha'irin_Zamani: Ni har yanzu ban ga laifin mutum ya yi rubutu don yana so ba. Dole sai komai ya zama sana'a?

Gaskiya_Ɗaci: Ba dole. Shi ya sa nake cewa ya riƙe aikinsa da hannu biyu.

Alƙalamin_Dare: Na gode ƙwarai, jiya ban yi barci da wuri ba. Maganar Maman Biyu ta sa na yi abin da ban taɓa yi ba, na tura wa mutum huɗun nan saƙo ɗaya bayan ɗaya, na yi godiya, na tambaye su me ya sa suka saya. Uku sun amsa. Abin mamaki dukkansu abu ɗaya suka ambata, wasu rubuce-rubuce biyar da na yi bara a kan uba da ke dawowa gida a gajiye ya tarar da yaro na jiran a taya shi aikin makaranta. Ɗaya ya ce ya karanta na ukun a cikin mota a ƙofar gidansa, ya kashe waya ya shiga. Na koma na duba, waɗannan biyar ɗin suna cikin waɗanda suka fi ƙarancin layik a duk shekarar. Wanda ya fi kowanne tashi kuwa, wani raddi ne da na yi cikin fushi, shi ya kawo mini mabiya kusan dubu biyu a mako guda, kuma ko ɗaya ban sa shi a littafin ba don kunyarsa nake ji. Yanzu ban sani ba, in tsaya a kan maganar iyaye maza kaɗai kamar yadda Malama Zee ke nufi, ko in ci gaba da yadda nake. Aiki dai ba zan bari ba, Malam Gaskiya ka kwantar da hankalinka.

Zee_Alƙaluma: Mutum uku ba su isa a yanke hukunci ba, amma sun isa a gwada. Ka ba shi wata uku.

Sha'irin_Zamani: In ka koma uba-da-yaro zalla, ni dai ka rasa ni. Na je na duba shafinka, wanda ka yi a kan tsohon agogon mahaifinka ya fi duk sauran.

Alƙalamin_Dare: Malam Sha'iri, ai shi ne na huɗu a cikin biyar ɗin.

Ummu_Hanan: Anti Sadiya, a yi mana sassauci ya sa mahaɗin littafin mana, yau Alhamis ce kawai.

Admin_Sadiya: Asabar.